Kifin da Aka Juya a Kwale-kwale

"Ki cire wannan rigar. Sai ka ce mai zuwa zaman makoki."

Da wannan Mama ta tarbe ni da safiyar Lahadi. Na koma ɗaki na sa jar rigar da ta sayo mini, wadda ke matse ni a hammata. Gidanmu yana hawa na ashirin da biyu, bangonsa kuma bai fi kwali kauri ba, don haka duk abin da take faɗa wa Baba a falo ina ji.

"Likitan haƙori ne fa. Gidansa a Vancouver har da lambu. Lambu, Baban A-Lam! Ita kuma ta kafe sai mai warin baƙin mai."

Ni ce A-Lam ɗin, cikakken sunana Wing-lam. Daga wajen Baba ƙarar juya jarida kawai na ji.

Mai warin baƙin man shi ne Shek Kam-shui. Shekara biyu ke nan muna tare. Yana gyaran injin jiragen fito masu zuwa tsibirai, ni kuma ina aiki a gidan tarihi, a ɗakin da babu mai shigowa, ina jera tsofaffin hotuna. Sau ɗaya tak ya taka shagon Mama, inda take sayar da busasshen kifi da jatan lande. Ya zo da kwandon lemo. Ta tambaye shi inda aka haife shi. Da ya ce a cikin jirgin ruwa ne, a mafakar jirage ta Aberdeen, sai ta mayar da butar shayin da ta ɗauko, ta ci gaba da awonta kamar babu kowa a gabanta.

"Ɗan ruwa ne," ta ce bayan ya fita. "Ban kai ki jami'a don in miƙa ki ga mutanen ruwa ba."

"Mama, yanzu a bene suke zaune, kamar mu."

"Ko a kan gajimare suke zaune. Muddin ina numfashi, a'a."

Wata takwas ke nan da wannan magana, kuma ba ta sassauta ba ko na kwana ɗaya. Sai ga Goggo Pang, tsohuwar mai sayen kayan Mama, ta zo hutu daga Kanada da ɗanta Gordon, wato likitan haƙorin. Mama ta ce in rubuta wuraren da za mu zaga da su a Hong Kong, da yamma kuma a ci abinci tare da Baba, manya su yi maganar manya.

Na rubuta. Fito, hawan dutse, sannan abincin rana a kwale-kwale. Na san Mama ba ta karanta takarda in ba ta awo ba ce. Tunda nake ban taɓa yi mata dabara ba sai ranar. So nake ta zauna sa'a ɗaya kawai kusa da Kam-shui da mahaifiyarsa, a inda ba za ta iya tashi ta tafi ba, ko za ta ga abin da na gani.

Ni kaɗai na haye ruwa zuwa Kowloon na ɗauko baƙin daga masauki, domin Mama ta ce jirgin ruwa amai yake sa ta. A kan fito Gordon ya yi ta ɗaukar hoton benaye, iska na tayar masa da gashi. Yana da shekara shida aka fita da shi, shi ya sa harshenmu a bakinsa har yanzu na ɗan shekara shida ne.

"Wing-lam, ke ba kya magana ne?"

"Ina yi."

"To ki yi mana."

Na kalli ruwa. Ya yi dariya, dariya mai kyau, ba ta raini ba.

"Ni kin yi mini haka. Duk wuni bakin mutane nake kallo, na gaji da baki. A can ma akwai gidan tarihi, na riga na tambaya miki."

Da mugu ne da na ji sauƙi. Amma shi ya riƙe wa uwarsa lema, shi ya ɗauki jakar Mama da muka same ta a bakin gaɓa, har ta kalle ni ta gefen ido, wato in gani.

A kan dutse hazo ya rufe rabin garin. Muka yi layi minti arba'in don mu ga abin da nake gani kyauta daga tagar ɗakin girkinmu. Goggo Pang ba ta ko kalli tashar jiragen ba. Ni take kallo, daga wuya zuwa ƙugu.

"A-Kuen," ta ce wa Mama, haka take gajarta sunanta Lai-kuen, "'yar taki ta yi rama. Amma ƙashinta mai kyau ne. Za ta haihu lafiya."

"Kunya ce ta hana ta ƙiba," in ji Mama. "Irin matan da ce."

Suka yi dariya. Ni kuwa agogo nake dubawa.

Ƙarfe ɗaya tasi ta sauke mu a bakin ruwan Aberdeen. Mama ta fito, ta shaƙi iskar sau ɗaya, ta tsaya cak.

"Me ya kawo mu nan?"

"Abincin rana, Goggo!" in ji Gordon, yana ɗaga takardata. "A cikin kwale-kwale. Tun jiya nake ɗoki."

A ƙasan matakala wata gajeriyar tsohuwa mai faffaɗar malfa tana ɗago mana hannu, ƙafarta babu takalmi. Goggo Shek ke nan, mahaifiyar Kam-shui. A bayanta, wajen inji, Kam-shui yana tsaye cikin farar riga da ban taɓa gani a jikinsa ba. Ya sunkuyar da kai.

"Goggo, barka da zuwa."

Mama ta kama dantsena, ta mintsine ni har sai da hawaye ya zo mini.

"Za ki gane kurenki a gida," ta faɗa a kunnena. Sannan ta juya da murmushi. "Madam Pang, ku shiga ku dawo, ni zan jira a nan. Cikina ba ya son ruwa."

"Haba A-Kuen! Ruwan da ko motsi ba ya yi? In ba ki shiga ba ni ma ba zan shiga ba."

Babu yadda Mama za ta yi.

Goggo Pang ce ta fara shiga. Sai da Gordon ya riƙe ta ta dama, Kam-shui ta hagu, tana ihu tana kiran kakanninta. Ni ma na dafa ƙarfe. Mama kuwa ta ƙi karɓar hannun Kam-shui. Ta jira kwale-kwalen ya ɗago, ta taka, ta wuce ta zauna, ko dafa komai ba ta yi ba. Na ga Goggo Shek ta bi ƙafafunta da kallo. Ni ma na gani, amma tsoro ya hana ni yin tunani a kai.

Muka ratsa tsakanin tsofaffin jiragen kamun kifi, da shanya a kan igiya, da kare yana haushi daga wani bene. Goggo Shek tana ta ba da labari kamar yadda take yi wa kowane baƙo. Kam-shui bai ɗago ido daga sitiyari ba, sai sau ɗaya, ya dube ni, ya dubi jar rigata, ya danne dariya.

"Kai direba," in ji Goggo Pang, "a hankali mana. Ka yi makaranta kuwa?"

"Na yi, Goggo. Ta injiniyan jirgi."

"To madalla. Gara ka samu ka fita daga ruwan nan."

Mama tana kallon hannayenta.

A tsakiyar mafakar ya kashe inji. Goggo Shek ta buɗe tukunya ta fito da kifi turararre, da citta da ɗanyar albasa a kansa, tururi na tashi. Ta ajiye shi a kan ɗan teburi tsakaninmu, ta zuba wa kowa shinkafa. Yankan farko, wajen kuncin kifin, ta sa wa Mama a kwano da hannunta.

"Ki ci, Madam Tsui. Da asuba aka kamo shi."

"Na gode," in ji Mama, kamar wadda ake cire wa haƙori.

Amma ta ci. Na ga ta tauna a hankali, ta lumshe ido, ta buɗe da sauri. Zuciyata ta ɗan samu wurin zama.

Kafin a jima an cinye naman sama, ƙaya ta fito. A cikin jirgi ba a juya kifi. Ana ɗage ƙayar ne a ajiye gefe, a ci na ƙasa yadda yake, domin a wurin mutanen ruwa wanda ya kifar da kifi ya kira wa jirgi kifewa. Ni Kam-shui ne ya koya mini. Na buɗe baki in gaya wa Gordon, kunya ta riƙe mini harshe na ƙiftawar ido.

"Bari in taimaka," ya ce.

Ya sa tsinkensa na cin abinci ƙarƙashin kifin, ya juya shi, rub da ciki.

Ƙarar da na ji ta tsinken Mama ce a kan bayan hannunsa.

"Kai! Ka haukace? Kashe mu za ka yi?"

Ta miƙe tsaye a tsakiyar kwale-kwalen, ta dumbuzi shinkafa daga kwanonta ta watsa a ruwa, ta buga katakon gefe da tafin hannu sau uku, bakinta na ta motsi. Ba maganar ce ta daskarar da ni ba. Muryar ce. Ba muryar Mama ta shago ba ce. Da karin harshen mutanen ruwa ta yi maganar, irin na tsofaffinsu, wanda ko Kam-shui bai iya shi sosai ba.

Ruwa na ɗan bugun cikin jirgin.

Hannun Goggo Shek ma yana cikin nata kwanon, cike da shinkafar da ba ta kai ga watsawa ba. Mama ta riga ta. Ta cire malfarta a hankali.

"'Yar'uwa," ta ce, "ke 'yar wane jirgi ce?"

Mama ta dubi hannunta, ƙwayoyin shinkafa manne a yatsunta. Ta koma ta zauna kamar an zare mata ƙashi.

"Me na yi?" in ji Gordon, yana murza hannu. "Kifi ne kawai fa. Goggo, ki yi haƙuri, ban sani ba."

Goggo Pang ta jawo jakarta ta ɗora a cinya.

"Direba, mayar da mu gaɓa."

Kam-shui ya tayar da inji ya mayar da mu, muka sauka. A saman matakala Goggo Pang ta tsaya tana goge yatsunta ɗaya bayan ɗaya.

"Shekara da shekaru ina sayen kaya a hannunki, A-Kuen, ban taɓa sani ba. Ashe shi ya sa kika iya zaɓen kifi." Ta yi murmushi. "Maganar abincin yamma, a bar shi sai wani lokaci. Kaina ke ciwo."

"Mami, mene ne haka?" in ji Gordon.

"Tsayar da tasi."

Kafin ya shiga ya waiwayo. "Wing-lam, ni fa ban fasa ba. Zan kira ki." Uwarsa ta ja shi ciki.

Mama ta taka zuwa wani benci ƙarƙashin bishiya ta zauna, ta juya wa ruwa baya. Na durƙusa a gabanta, kuka ya ƙwace mini.

"Mama, ni na shirya. Ki yafe mini. So nake kawai ki gan shi."

"Kin tsiraita ni a kasuwa, A-Lam."

"Ban sani ba. Na rantse ban sani ba."

"Ta ina za ki sani? Babanki ma bai sani ba."

Na ɗago. Hawaye na bin kumatunta, ba ta ko share ba.

"Sunana ba Lai-kuen ba ne. Tai-ho ne. Can aka haife ni, bayan inda jirgin nan mai shuɗin rufi yake. Sai da na kai shekara goma sha biyu na fara sa takalmi."

"Mama..."

"Ki yi shiru in gama, don ba zan sake faɗa ba. Ina da shekara tara uwata ta zame ta faɗa ruwa. Da rana tsaka, A-Lam. Jirage sun fi talatin a kewaye. Ina ɗaure da igiya a ƙugu kamar yadda ake ɗaure yara, ina ihu, ina kallon gashinta. Babu wanda ya shiga. Rabinsu ba su iya iyo ba. Sauran kuma tsofaffi sun ce wanda ruwa ya kira, in ka ƙwato shi, kai zai ɗauka. Suka miƙa mata gora. Gorar ba ta kai ba."

Na rungume gwiwoyinta.

"Da na samu aiki a masana'antar furen roba, na hau tudu ban waiwaya ba. Yaran tudu suna kwaikwayon tafiyata, suna toshe hanci in na wuce. Na sayi rediyo, kullum ina bin bakin mai karanta labarai har harshena ya miƙe. Na ce wa babanki ni marainiya ce daga wani ƙauye. Uwarsa da ta san gaskiya da ko ƙofar gidansu ban taka ba."

"Amma kin san ba laifinki ba ne."

"Kina tsammanin ƙyamar yaron nan nake? Ranar da ya shigo shago, kafin ya buɗe baki na san shi. Daga tsayuwarsa, ƙafa a ware, kamar ƙasa za ta motsa. Tsayuwar ubana ke nan. Na ce shekara arba'in ina gudu, ruwa ya biyo ni har shago ya zo ɗaukar 'yata."

Ni da ko a aji ban taɓa ɗaga hannu ba, ban san inda maganar ta fito ba.

"To wa za ki ba ni, Mama? Ɗan matar da ta goge yatsunta a gabanki?"

Ban jira amsarta ba, na ci gaba.

"In tafi Vancouver in haifi 'ya'ya, in koya musu ɓoye kakarsu? In kika zo ziyara in riƙa addu'a kada a kawo kifi? Gordon mutumin kirki ne, amma gidan uwarsa zan shiga. A wancan kwale-kwalen kuwa, da kika yi ihu, mutum ɗaya ce ta kira ki 'yar'uwa."

"Rufe mini baki."

"Ba zan rufe ba. Shekara ashirin da shida ina rufewa. Ina son sa, Mama. Kuma ba zan aure shi a ɓoye ba, ba zan aure shi kina fushi ba. Sai dai in zauna haka a ɗakin nan har in tsufa kina kallona."

Ta rufe fuska da hannu biyu. Muka yi ta kuka, masu wucewa na kauce mana.

Inuwa ce ta faɗo a kanmu. Kam-shui ne, riƙe da jakar Mama da ta manta a jirgi. Ya riƙe ta da hannu biyu, nesa da jikinsa, kamar yana tsoron ya ɓata ta. Farar rigar tasa ta riga ta samu baƙin mai a hannu.

"Goggo, jakarki. Innata ta ce in gaya miki ba ta ji komai ba, ba ta ga komai ba."

Ya ajiye, ya juya zai tafi.

"Kai. Tsaya."

Ya tsaya.

Mama ta share fuska da bayan hannu, ta ƙare masa kallo tun daga gashi har takalmi.

"Ka iya iyo?"

"Na iya, Goggo."

"Ƙarya kake. Mutanenmu ba sa koya."

Mutanenmu. Na ji kalmar har cikin ƙirjina.

"Innata ce ta kai ni wurin koyo ina shekara biyar. Kakana ya yi wata uku ba ya yi mata magana."

"In wannan ta faɗa ruwa fa?" Ta nuna ni da haɓa.

"Zan shiga."

"Ko an ce maka kai ruwan zai ɗauka a madadinta?"

Ya dube ni, ya dubi Mama.

"Sai ya ɗauka, Goggo. Amma sai na fara miƙo miki ita."

Mama ta kau da kai. Ta daɗe tana kallon motocin da ke wucewa.

"Ranar Alhamis ƙarfe huɗu ka zo shago. Ka taho da uwarka."

"Goggo..."

"Ban ce na ba ka ba. Cewa na yi ka zo. Kuma ka wanke faratan nan kafin ka taɓa mini kofin shayi."

Ya sunkuya har sai da na ga tsakiyar kansa. Da ya ɗago idanunsa sun yi ja. Ya sauka matakala da gudu, yana tsallake bibbiyu.

Na ɗauki jakar Mama, muka nufi tashar bas. Ina jin kamar in yi tsalle, amma ita tafiya take a hankali, kamar wadda ta tashi daga jinya. Saura 'yan taku mu isa ta tsaya.

"In uwarsa ta zo shago, da harshenmu za ta yi mini magana. Babanki kuma yana zaune a wurin."

"Sai mu sa ranar da ba ya nan."

"A'a. Na gaji." Ta ja numfashi. "Yau zan gaya masa, da bakina."

Bas ta taho ta tsaya, ƙofa ta buɗe. Mama ba ta motsa ba. Ta kama hannuna, ta yi magana da wata ƙaramar murya da ban taɓa ji daga gare ta ba.

"A-Lam, ke kin fi ni lura da mutane. Ki gaya mini gaskiya. Kina ganin shi ma zai kalle ni irin kallon da matar nan ta yi mini?"

Na buɗe baki, na tuna Baba da jaridarsa, mutumin da shekara talatin yake bari Mama ta yi magana a madadinsa. Sai a lokacin na gane ban taɓa sanin abin da ke bayan jaridar ba.

"Ban sani ba, Mama," na ce. "Amma tare za mu shiga."

Direba ya danna ham. Ta ƙara damƙe hannuna, ta ɗaga ƙafa ta hau.